Tarukan Kimiyya na Jama'a da Amfaninsu ga Al'ada da Kasuwanci: Misalin Unguwar Sabo ta Ibadan

Taron kimiyya na jama'a shi ne duk wata haɗuwa da masu bincike ke fitowa daga ɗakunan gwaji su nuna wa mutanen gari abin da suka gano, a fili, cikin harshen da mai sauraro zai gane, tare da ba shi damar yin tambaya da taɓa abin da hannunsa. Yana iya zama biki na mako guda, ko baje kolin amfanin gona, ko ranar da wata cibiya ke buɗe ƙofarta ga kowa, ko kuma taruwa a filin makaranta domin kallon husufin rana.

Irin waɗannan taruka sukan kawo wa garin da ya karɓe su baƙi da ciniki na 'yan kwanaki. Amfaninsu mafi girma kuwa yana zuwa ne daga baya, lokacin da ɗan kasuwa ko manomi ya koma da wata dabara da ta rage masa asara. Unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda Hausawa ke kira Badun, wuri ne da ake iya ganin wannan lissafi ƙarara, domin unguwa ce ta fatake da ke zaune a tsakiyar manyan cibiyoyin binciken Najeriya, kuma kayan da cibiyoyin ke bincike a kansu su ne kayan da mutanen unguwar ke saye da sayarwa.

Asalin irin waɗannan taruka

A Landan an fara laccocin kimiyya na ƙarshen shekara domin matasa tun 1825, kuma masanin nan Michael Faraday ya gabatar da su sau da dama. Bikin kimiyya na zamani, wanda ake yi a cikin gari kamar bikin al'adu, ya samo asali ne daga birnin Edinburgh na Sikotlan a 1989. Shawarar ta fito ne daga ɓangaren raya tattalin arziki na hukumar birnin, wadda ke neman abin da zai ƙara jawo baƙi a lokacin hutun bazara. Bayan shekara biyu, a 1991, tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan, masu jama'a kimanin 22,000, suka fara nasu bikin. Suna yin sa a farkon Satumba, lokacin da masu yawon buɗe ido suka fara raguwa, kuma suna haɗa laccoci da kiɗan gargajiya da abincin yankin.

A Afirka ta Kudu, garin Makhanda, wanda a da ake kira Grahamstown, ya fara karɓar bikin Scifest Africa a 1997, inda ɗalibai ke zuwa daga larduna daban-daban. Hukumar UNESCO kuma ta ware ranar 10 ga Nuwamba a matsayin Ranar Kimiyya ta Duniya domin Zaman Lafiya da Ci Gaba a 2001, aka fara bikinta a 2002.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tarihin. Dattawa na tuna majigi, wato motar silima da ke zagaya garuruwa tun zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa, tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna finafinan tsafta da rigakafi da noman auduga, mai sharhi yana fassarawa da Hausa. Akwai nunin amfanin gona da ake yi a hedikwatocin larduna, ana ba manomin da ya fi kyakkyawar damin gero ko bijimi kyauta. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya haɗa da irin wannan nuni. A fannin rubutu, littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya fito a 1949, ya bayyana halittu da sararin sama da Hausa tsantsa.

Unguwar Sabo da sana'o'inta

An kafa Sabo a 1916, lokacin da hukumomin mulkin mallaka da sarakunan Ibadan suka ware wa Hausawa wuri nasu a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Tana kusa da shataletalen Mokola da filin wasa na Adamasingba, a ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa. Titin jirgin ƙasa daga Legas ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, abin da ya mai da birnin zango tsakanin kurmi da Arewa.

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969. Ya ƙidaya mazaunanta sama da 4,000 a lokacin, ya nuna cewa arzikinta ya dogara ne kan fatauci biyu: goro da ke tafiya Arewa da shanu da ke gangarowa Kudu. Dukansu kaya ne da ba sa jira. Goro na bushewa ko ya yi sankara in ba a kula da shi ba, saniyar Arewa kuwa ba ta daɗewa a ƙasar ƙudan tsando kafin sammore ya kama ta. Saboda haka sai cinikin ya ginu a kan bashi da amana. Maigida shi ke saukar da baƙon falke, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashin da aka ba mahauta Yarbawa. A farkon shekarun 1950 yawancin mutanen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka kafa masallacin Juma'a nasu, wanda ya ƙara haɗa kansu.

A yau an fi sanin Sabo da canjin kuɗi, da tsire da balangu, da ɗinki da aikin surfani. Manyan cinikayya sun bazu zuwa wasu wurare: hatsi da wake a kasuwar Bodija, tumatir da attaruhu da albasa a Sasa, dabbobi a karar Akinyele. Duk da haka Sabo ta ci gaba da zama tushen Hausawan birnin, kuma tsarin maigida da dillali da shugaban 'yan kasuwa yana nan a waɗannan kasuwanni.

Cibiyoyin da ke kewaye da ita

Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ita ce ta farko a Najeriya. Tana da tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi, da gidan namun daji da ya faro a shekarar da aka kafa ta, ya kuma zama cikakken gidan zu a 1974. Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, tafiyar 'yan mintoci ce daga Mokola.

Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, CRIN, da ke Idi-Ayunre, an kafa ta a 1964, kuma goro na cikin amfanin gona biyar da aka ɗora mata, tare da koko da kofi da kashu da shayi. Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Zafi, IITA, wadda gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka kafa a 1967, tana kan fili mai kadada kimanin 1,000, maƙwabciyar Sasa. Rumbunta na adana iri na ɗauke da nau'in wake sama da 15,000, mafi yawa a duniya, kuma tana da reshe a Kano. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da aka kafa a 1975 a Idi-Ishin, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe. Akwai kuma Cibiyar Binciken Gandun Daji a Jericho da cibiyar binciken noma ta Moor Plantation a Apata.

Idan aka jera ayyukan waɗannan wurare kusa da kayan kasuwancin Hausawan Ibadan, za a ga sun yi daidai: goro da CRIN, wake da masara da IITA, tumatir da albasa da NIHORT, shanu da raguna da likitocin dabbobi na jami'a. Abin da ke raba su shi ne katanga da harshe. Sakamakon bincike yakan fito da Turanci a mujallun masana, ɗan kasuwa kuwa Hausa da Yarbanci yake ji, kuma ba ya iya barin rumfarsa ya kwana a ɗakin taro. Wannan giɓi ne taron kimiyya na jama'a ke cikewa.

Cinikin ranar taro

Amfani na farko shi ne kuɗin da baƙi ke kashewa. Wanda ya zo taro yana buƙatar masauki da abinci da abin hawa, kuma yakan sayi tsaraba. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana buƙatar canji. Waɗannan duka sana'o'i ne da ake yi a Sabo da kewayenta. Tun da aka buɗe sabon titin jirgin ƙasa tsakanin Legas da Ibadan a watan Yuni 2021, mai tasha a Moniya, zuwa taro a birnin da komawa a rana ɗaya ya ƙara sauƙi.

Ibadan ta saba karɓar irin wannan taro. A watan Nuwamba 2019 an yi baje kolin abinci mai gina jiki na shirin HarvestPlus a harabar IITA, inda manoma da masu sarrafa abinci suka nuna garin kwaki da sauran kayan da aka yi da rogo da masara masu sinadarin bitamin A. An fara fitar da irin wannan rogo mai launin ɗorawa a Najeriya a 2011.

Sai dai wannan amfani yana da iyaka. Taron da aka yi shi cikin harabar da ke da masaukinta da ɗakin cin abincinta, kuɗinsa ba ya fita waje sai kaɗan. Kuma ciniki ne na kwana biyu ko uku. Shi ya sa garuruwan da suka ci moriyar bukukuwan kimiyya suke rarraba shirye-shiryen a majami'u da makarantu da wuraren cin abinci na cikin gari, su kuma maimaita bikin kowace shekara a lokaci ɗaya, domin mai masauki da mai abinci su san da zuwansa su shirya.

Rage asarar kaya: darasin buhun wake

Misali mafi bayyana na taron kimiyya da ya sauya kasuwanci a ƙasar Hausa shi ne na buhun adana wake da aka sani da PICS. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Kamaru ne suka fara gwada dabarar, sannan aka ƙaddamar da shirin yaɗa ta a 2007 a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. IITA na cikin masu gudanar da shi a Najeriya, cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi ta yi aiki a kansa, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera buhunan.

Buhun hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowane bakinsa da kyau, ƙwarin da ke cikin waken sai su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Bayanin yana da sauƙi, amma manomi ba ya sa dukiyarsa cikin sabon abu saboda bayani kawai. Abin da aka yi shi ne, a dubban ƙauyuka aka tara jama'a bayan kaka, wasu suka kawo nasu waken aka zuba aka ɗaure a gaban kowa. Bayan wata huɗu zuwa shida aka sake taruwa domin bikin buɗe buhu, aka kwance a gaban mai gari da mata da maza, kowa ya ɗebi waken ya duba. Gani ya kori ji.

Wannan darasi ya shafi Bodija kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, kuma yawancin wanda ake ci a ƙasar Yarbawa daga Arewa yake zuwa, ta kasuwanni irin su Dawanau. Ɗan kasuwar da ke tsoron ƙwari yakan zuba maganin feshi a cikin wake, abin da ke cutar da mai ci, ya kuma ɓata sunan kayan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a cikinsa. Buhu biyu da aka ɗaure a tsakiyar kasuwa, ɗaya na gargajiya ɗaya mai leda, aka buɗe su bayan watanni a gaban 'yan kasuwa da masu saye, sun isa su amsa tambayar da takarda ba za ta amsa ba.

Goro da tumatir da masara da dabbobi

Goron da Hausawa ke ci, a da daga Gwanja fatake ke ɗauko shi da ayari, shi ya sa har yau Yarbawa ke kiran sa da sunan da ya samo asali daga Gwanja. Daga baya nomansa ya bazu a Agege da Shagamu da sauran ƙasar Yarbawa. Babban maƙiyinsa a ajiya shi ne ƙwaron da ke haddasa sankara. 'Yan goro na da ilimin da suka gada: yadda ake jera shi a huhu da ganyen fita, da lokacin da ake buɗewa a tsince wanda ya lalace, da yadda ake riƙe daushe har ya kai wata shekara. Masu bincike kuma sun san rayuwar ƙwaron tun daga ƙwai, sun kuma daɗe suna gargaɗi game da zuba magungunan ƙwari a goro, tun da ɗanye ake cin sa ba a dafawa. Zama tsakanin ɓangarorin biyu, da huhu a gabansu da madubin ƙara girman abu, kowa zai ƙaru da shi.

A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a Kudu. NIHORT ta fito da magungunan feshi da aka haɗa daga tsirrai da kuma tarkon kama malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar. Dillalin Sasa da ya ga tarkon da idonsa yana magana ta waya kusan kullum da manoman Kura da Kadawa da Ɗanja. Haka nan batun kwando da akwatin roba: kwandunan da ake jibgawa kan juna a mota suna matse tumatir ɗin ƙasa ya fashe, akwatin roba kuwa gefensa ne ke ɗaukar nauyin na sama. Gwaji a idon jama'a, a auna abin da ya iso lafiya daga kowanne, shi ne zai nuna wa ɗan kasuwa ko kuɗin akwatin zai fita.

Masara da gyaɗa kuma suna fama da wata guba da fumfuna ke haifarwa, mai suna aflatoxin, wadda ke da alaƙa da ciwon dajin hanta da tsumburewar yara. IITA da abokan aikinta sun samar da maganin Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta da guba, ana watsa kilo 10 a kadada mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai mara gubar ta mamaye gonar ta kori mai gubar. A harabar Ibadan aka gina masana'antarsa ta farko. Masu kiwon kaji na Jihar Oyo manyan masu sayen masarar Arewa ne, kuma suna son wadda ba ta da gubar.

A ɓangaren dabbobi, ɓullar cutar anthrax a wata gona da ke Suleja a watan Yuli 2023 ta nuna yadda labarin cuta ke girgiza cinikin nama da ganda. Taron likitocin dabbobi da dillalai da mahauta a kara, musamman gab da Babbar Salla, kan alamomin cututtuka da wa'adin da ya kamata a jira bayan an yi wa dabba allura kafin a yanka ta, yana kare lafiyar mai ci da jarin mai dabba gaba ɗaya.

Abin da al'ada ke samu

Duk lokacin da aka bayyana kimiyya da Hausa, harshen na ƙaruwa. Mai bayani dole ya nemi kalma, kuma sau da yawa sai ya tarar masu sana'a sun riga sun raɗa ta. Sharon da sammore da sankara ba a ofis aka ƙirƙire su ba. 'Yan goro na bambanta marsa da minu da farsa, makiyaya na da sunayen launin shanu da cututtukansu. Ga yaran Sabo da aka haifa a Ibadan, masu tashi da Hausa da Yarbanci da Turancin makaranta, jin waɗannan kalmomi a bakin masani yana ɗaga darajar sana'ar iyayensu a idonsu.

Ilimin taurari ma haka. Manoman Hausa sun daɗe suna lura da Kaza da 'ya'yanta da Gamzaki da Zara, malamai kuma na da lissafin taurarin damina da na rani. Muhammad al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, wato jadawalin lambobi da jimillarsu ke zuwa ɗaya ta kowace fuska, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Taron da ya fara da wannan gado kafin ya kai ga madubin hangen nesa ba zai zama baƙo ga almajiri ba.

Husufin rana na Laraba 29 ga Maris 2006 ya nuna haka. Inuwar wata ta shigo Najeriya da hantsi ta Saki a arewacin Jihar Oyo, ta bi ta Gusau da Katsina, ta haura Maraɗi da Damagaram, kusan hanyar da fatake ke bi. Shekara biyar kafin nan, a watan Janairu 2001, husufin wata ya jawo tarzoma a Maiduguri, aka ƙona otal-otal da mashaya. A 2006 kuwa hukumomi sun yi ta sanarwa tun da wuri a rediyo da talabijin, suna bayyana rana da lokaci da haɗarin kallon rana da ido tsirara. Jama'a suka taru suka kalla, masallatai suka yi sallar husufi, aka watse lafiya. A garuruwan Masar da Libiya da Turkiyya da inuwar ta ratsa, baƙi masu yawa sun zo daga ƙasashen waje musamman domin waɗannan mintoci.

Zaman tare

A watan Fabrairu 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Sasa tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara sun je Ibadan sun gana da Gwamna Seyi Makinde. A ƙarshen watan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Abinci ya yi tsada a Ibadan da Legas, tumatir da albasa kuma suka yi kwantai a Arewa.

Taron kimiyya ba ya warware rikicin shugabancin kasuwa ko na fili. Abin da yake bayarwa shi ne dalilin haɗuwa a kan matsalar da ta shafi kowa daidai. Manomin goro Bayarabe da ɗan goro Bahaushe ƙwaro ɗaya ke ci musu riba, haka mahauci da dillalin shanu. Wanda ya saba zama da maƙwabcinsa a kan irin wannan batu yana da lambar wayar da zai kira ranar da jita-jita ta tashi.

Sharuɗɗan cin nasara

Na farko shi ne a bi ta hannun waɗanda jama'a suka amince da su. Rigakafin shan inna ya tsaya a wasu jihohin Arewa a 2003 saboda rashin yarda, kuma shigowar sarakuna da malamai na daga cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'in cutar na asali a ranar 25 ga Agusta 2020. A Ibadan, fadar Sarkin Hausawa da limamai da masu gidaje da shugabannin kasuwa su ne ƙofar shiga.

Na biyu harshe. Bayani da Hausa da Yarbanci, da takardu a boko da ajami, da saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp, sun fi doguwar lacca isa ga mutane. Na uku lokaci da wuri: bayan la'asar, a filin makaranta ko bakin kasuwa, kuma a daidaita da kakar kayan. Batun wake da goro ya fi dacewa da ƙarshen shekara, na tumatir da rani, na dabbobi kafin layya.

Na huɗu mata. Tun a zamanin binciken Cohen matan aure a Sabo na sana'ar abinci daga cikin gida, yara na kai musu talla. Su ne ke sayen wake da gyaɗa da man girki, su ne kuma ke soya ƙosai da ƙuli-ƙuli. Zama na musamman a makarantun Islamiyya, da mata masu bincike a matsayin masu bayani, shi zai kai musu saƙon. Na biyar, abin da aka nuna ya kasance ana samun sa a kusa kuma a farashin da za a iya biya. Manomin da ya ga amfanin buhu amma bai sami mai sayarwa ba zai koma ga maganin feshi. Samar da dillalan buhu da tarko da iri kuwa sana'a ce sabuwa ga matasan unguwa.

Ranakun da ke tafe

Ban da 10 ga Nuwamba ta kowace shekara, akwai Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare a 28 ga Satumba da Ranar Abinci ta Duniya a 16 ga Oktoba, waɗanda makarantu da ƙungiyoyi ke iya shirya taro a kansu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

A ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken husufin rana da zai ratsa Arewacin Afirka ya bi ta Luxor a Masar da Jidda da Makka, kuma a arewacin Najeriya za a ga wata ya rufe wani sashe na rana. A ranar 20 ga Maris 2034 kuma cikakken husufi zai sake ratsa Najeriya, inuwarsa za ta bi ta kan Legas kafin ta nufi Kamaru da Chadi. Kallonsa na buƙatar tabarau na musamman, domin tabarau na yau da kullum ba ya kare ido. Wanda bai samu ba yana iya huda takarda ya bar hasken ya faɗa a ƙasa, ko ya duba inuwar bishiya, inda kowane ɗigon haske zai koma siffar jinjirin wata. Masu masauki da masu abinci da direbobi da makarantun Ibadan suna da shekaru a gabansu na shirin karɓar baƙin wannan rana.